Bahrain, 2011: yadda rigimar kundin tsarin mulki ta rikiɗe ta koma rigimar mazhaba cikin wata guda

Matasan da suka kira jama'a su fito kan titi a Bahrain ranar 14 ga Fabrairun 2011 ba da ka suka zaɓi ranar ba. A irin wannan rana ce, shekara goma kafin nan, aka fara jefa ƙuri'ar raba-gardama a kan Yarjejeniyar Aikin Ƙasa, wadda kashi 98.4 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince da ita. A irin ranar ce kuma, a 2002, Sarki Hamad bin Isa Al Khalifa ya fito da kundin tsarin mulkin da 'yan adawa suka ce ba shi aka yi musu alkawari ba. Wannan ne ya fitar da mutane. Amma kafin tsakiyar Maris maganar kundi ta koma gefe. Abin da ake duba wa mutum a shingen hanya ya zama sunansa da ƙauyensu, don a gane ɗan Shi'a ne ko ɗan Sunni. Juyin ba daga sama ya faɗo ba. Yana da matakai, kowanne da ranarsa da masu hannu a cikinsa, kuma su ne wannan nazari zai bi.

Ƙasar da mutanenta

Bahrain tarin tsibirai ce a Tekun Fasha, faɗinta bai kai murabba'in kilomita 800 ba. Ƙidayar 2010 ta ba da mutum miliyan 1.23, amma 'yan ƙasa a cikinsu ba su wuce dubu 568 ba. Sauran baƙi ne 'yan ci-rani, galibi daga Indiya, Pakistan da Bangaladash. Gwamnati ba ta fitar da adadin mabiya kowace mazhaba. 'Yan jarida sun saba cewa 'yan Shi'a kashi 60 zuwa 70 ne na 'yan ƙasa, yayin da binciken gida-gida da masani Justin Gengler ya gudanar a 2009 ya nuna tsakanin kashi 53 da 62. Ko wane lissafi aka ɗauka, su ne masu rinjaye, gidan sarauta kuwa na Sunni ne.

Kalmomin nan biyu suna ɓoye abubuwa da yawa. A cikin 'yan Shi'a akwai Baharna, Larabawan da suka daɗe a tsibirin suna noman dabino da su da nutson lu'ulu'u, akwai kuma Ajam masu asalin Farisa. A cikin 'yan Sunni akwai ƙabilun da suka zo tare da gidan Al Khalifa, akwai Hawala da suka ƙetaro daga gaɓar Iran, akwai kuma talakawan Muharraq waɗanda kukansu na rashin gida da aikin yi bai bambanta da na 'yan Shi'ar Sitra ba. Gidan Al Khalifa ya karɓe tsibirin a 1783 daga sansaninsa na Zubara da ke Ƙatar. Jagoran yaƙin ana kiransa Ahmad al-Fatih, wato mabuɗin ƙasa, kuma sunansa aka sa wa babban masallacin Manama. Abin da wani ɓangare yake kira buɗi, wani ɓangaren mamaya yake kiransa.

Duk da haka, adawar siyasa a Bahrain ba da mazhaba ta fara ba. Kwamitin da ya jagoranci gwagwarmayar 1954 zuwa 1956 a zamanin Turawan Ingila mutum takwas ne, huɗu 'yan Sunni huɗu 'yan Shi'a. Majalisar da aka zaɓa a Disambar 1973, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, an rushe ta a Agustan 1975 saboda 'yan gurguzu da malaman Shi'a da ke cikinta sun haɗa kai sun ƙi amincewa da Dokar Tsaron Ƙasa, wadda ta ba da damar tsare mutum har shekara uku ba shari'a. Abin da ya sauya lissafin gidan sarauta shi ne juyin juya halin Iran na 1979, da yunƙurin juyin mulkin da aka bankaɗo a 1981 na wata ƙungiya mai alaƙa da Tehran. Tun daga lokacin aka kusan rufe wa 'yan Shi'a ƙofar shiga soja da manyan muƙaman tsaro. Boren 1994 zuwa 1999, wanda ya ci rayuka kusan 40, babbar buƙatarsa ita ce a dawo da majalisar 1973.

Alkawarin 2001 da kundin 2002

Hamad ya hau gadon mulki a Maris ɗin 1999, ya fara da abin da ya ba kowa mamaki. Ya saki fursunonin siyasa, ya bar masu gudun hijira suka dawo, ya soke Dokar Tsaron Ƙasa. Da ya ziyarci Sitra, cibiyar boren, mutane sun yi masa tarba irin wadda ba a taɓa yi wa wani ɗan gidan a can ba. Fahimtar da 'yan adawa suka tafi da ita rumfar zaɓe ita ce majalisar da jama'a za su zaɓa ita kaɗai za ta yi doka, wadda sarki zai naɗa kuwa shawara kawai za ta bayar.

Kundin 2002 ya zo da wani abu daban, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. Majalisa ta zama gida biyu: wakilai 40 da ake zaɓa, da 'yan Shura 40 da sarki yake naɗawa, ƙarfinsu ɗaya wajen yin doka. Sarki ne ke naɗa firayim minista, kujerar da baffansa Khalifa bin Salman yake kai tun 1971. An kuma kafa doka mai lamba 56 ta 2002, wadda ta haɗa jami'an da ake zargi da azabtarwa a cikin afuwar da aka yi wa fursunoni, ta yadda babu mai iya kai su kotu.

Sai yankan mazaɓu. A zaɓen 2010 akwai mazaɓa a lardin Arewa, inda 'yan Shi'a suka fi yawa, mai masu zaɓe sama da dubu 16, akwai kuma wata a lardin Kudu da ba ta kai mutum dubu ɗaya ba. Kowace kujera ɗaya take da ita. Jam'iyyar Al-Wefaq, babbar jam'iyyar 'yan Shi'a ƙarƙashin Sheikh Ali Salman, ta tsayar da 'yan takara 18 a wannan zaɓe, dukkansu suka ci. Ba ta tsayar da fiye da haka ba domin ta san iyakar abin da taswirar ta yanka mata. Kujera 18 cikin 40 ba rinjaye ba ne, cikin 80 kuwa ba a magana. Wannan tsari ya koya wa matasa cewa ko an ci zaɓe ba a ci komai ba, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin da suka ƙi shiga zaɓe tun farko, irin su Haq ta Hassan Mushaima da Wafa ta Abdulwahab Hussain.

Akwai ƙorafi biyu da suka fi zafi a bakin talaka. Na farko shi ne ba wa baƙi 'yan Sunni takardar zama ɗan ƙasa, musamman waɗanda aka ɗauko daga Pakistan, Yaman, Jodan da Siriya don aikin ɗan sanda da soja. A Satumbar 2006 Salah al-Bandar, mai ba gwamnati shawara, ɗan Birtaniya mai asalin Sudan, ya fitar da wasu takardu da ya ce suna nuna shirin wasu jami'ai na rage tasirin 'yan Shi'a a zaɓe da adadin jama'a. An kore shi daga ƙasar, kotu ta hana jaridu tattauna batun. Na biyu shi ne ƙasa. Ana cike teku ana gina manyan benaye, masunta suna rasa gaɓa, iyalai suna shekara da shekaru a layin jiran gidan gwamnati. A 2010 wani kwamitin majalisa da ya ƙunshi wakilan mazhabobin biyu ya gano cewa filayen gwamnati da suka kai murabba'in kilomita 65 sun koma hannun ɗaiɗaikun mutane. A ƙasa mai girman Bahrain wannan ba ƙaramin yanki ba ne, kuma abin lura shi ne ɗan Sunni ma yana cikin masu kuka da shi.

Kwana talatin

Bayan faɗuwar Ben Ali a Tunisiya, guguwar ta iso. Ranar 11 ga Fabrairu, ranar da Mubarak ya sauka a Masar, Sarki Hamad ya sanar da kyautar dinari dubu ɗaya ga kowane iyali. Bai hana komai ba. Ranar 14 aka yi ƙananan jerin gwano a ƙauyuka, 'yan sanda suka harbe wani saurayi a Daih da harsashin farautar tsuntsaye. Washegari wajen ɗauko gawarsa daga asibitin Salmaniya aka harbe mutum na biyu. Masu jana'iza suka zarce zuwa Shataletalen Lu'ulu'u, inda ginshiƙai shida masu wakiltar ƙasashen Majalisar Haɗin Kan Yankin Gulf suke ɗauke da dunƙulen lu'ulu'u na siminti, suka kafa tantuna. Sarki ya fito a talabijin ya yi ta'aziyya. A wannan mataki taken da ya fi tashi shi ne na gyaran tsari, tare da wanda ke cewa ba Sunni ba Shi'a, haɗin kan ƙasa. Ibrahim Sharif, ɗan Sunni shugaban jam'iyyar Wa'ad mai ra'ayin kawo sauyi, yana cikin masu hawa dandamali.

Kuskure mafi girma ya auku ne da misalin ƙarfe uku na daren 17 ga Fabrairu, lokacin da 'yan sanda suka afka wa mutane suna barci, aka kashe huɗu. Washegari sojoji suka buɗe wuta kan masu ƙoƙarin komawa wurin. Ranar 19 aka janye dakaru, jama'a suka koma, aka ɗora wa Yarima mai jiran gado Salman bin Hamad nauyin tattaunawa. A duba abin da gwamnati ta yi wa kanta: ta zubar da jinin da ya isa ya sa mutane su daina yarda da ita, sannan ta ja da baya ta nuna cewa matsin lamba yana aiki. Daga nan taken ya koma na kifar da gwamnati, har da kiran sunan sarki ya faɗi.

Ranar 21 ga Fabrairu wani taro ya cika harabar masallacin Al-Fatih ƙarƙashin Sheikh Abdullatif al-Mahmud, aka kira shi Taron Haɗin Kan Ƙasa. Galibin mahalarta 'yan Sunni ne. Sau da yawa ana kallonsa a matsayin taron 'yan amshin shata, amma jawaban farko sun ƙunshi buƙatu na gaske: yaƙi da cin hanci, gidaje, ƙarin albashi, sakin fursunoni. Abin da ya raba su da mutanen shataletale shi ne tsoro. Misalin Iraƙi bayan 2003 yana gabansu, inda zaɓe ya miƙa mulki ga jam'iyyun Shi'a, 'yan Sunni suka ga kansu a waje. Washegari 'yan adawa suka mayar da martani da jerin gwanon mutum sama da dubu ɗari. Manama ta zama gari mai dandali biyu, kowanne yana ƙirga kawunan mutanensa. 'Yan adawa ba su yi wani ƙoƙari na a-zo-a-gani ba wajen kwantar wa dandali na biyu hankali, kuma wannan sakaci ya yi musu tsada.

Kowane ɓangare a rabe yake a cikin gida, kuma wannan shi ne ya kashe tattaunawar. A gidan sarauta akwai Yarima mai son a sasanta, akwai firayim minista da duk wani sasanci zai fara da kujerarsa, akwai kuma 'yan'uwa biyu da ake kira Khawalid: Khalid bin Ahmad ministan fada, da Khalifa bin Ahmad babban kwamandan soja, masu kallon lamarin gaba ɗaya a matsayin barazanar tsaro. A ɓangaren adawa, Al-Wefaq da jam'iyyu shida abokan tafiyarta suna neman sarauta mai bin tsarin mulki, amma ba su ne suka kira zanga-zangar ba, ba su da iko da matasan 14 ga Fabrairu da ba a san shugabanninsu ba. Wakilan Al-Wefaq 18 sun ajiye kujerunsu a ƙarshen Fabrairu. Mushaima ya dawo daga Landan ranar 26 ga wata, kuma cikin kwanakin farko na Maris ƙungiyarsa da Wafa da Ƙungiyar 'Yancin Bahrain suka shelanta ƙawancen kafa jamhuriya. Ba su ce jamhuriyar Musulunci ba, amma kunnen ɗan Sunni a Riffa da kunnen Riyad abin da suka ji ke nan. Al-Wefaq ta shiga tsaka mai wuya: in ta zauna da Yarima ba sharaɗi, titi zai ce ta sayar da jinin waɗanda aka kashe, in ta ƙi, masu tsattsauran ra'ayi a fada sun sami hujja. Sai ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da murabus ɗin gwamnati da zaɓen majalisar rubuta sabon kundi, lokaci yana ta tafiya.

Ana cikin haka rikicin ya sauka unguwanni. Ranar 3 ga Maris aka yi arangama a Madinat Hamad, garin da mazhabobin biyu suke zaune a cakuɗe. Ranar 11 masu zanga-zanga suka nufi fadar sarki a Riffa, unguwar 'yan Sunni, duk da jan kunnen da Al-Wefaq da manyan malamai suka yi. Mazauna suka tare su da sanduna. Makarantu suka rabu, malamai suna yajin aiki, gwamnati tana kawo 'yan sa-kai su maye gurbinsu. Unguwanni suka kafa shingaye da 'yan sintiri. Jita-jita ta wayar salula ta fi kowace jarida gudu. An kai wa 'yan ci-rani daga Kudancin Asiya hari, musamman 'yan Pakistan, saboda ana danganta su da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Ranar 13 aka tare babbar hanyar da ke shiga cibiyar bankuna ta Manama, aka kuma yi ba-ta-kashi a Jami'ar Bahrain.

A yammacin wannan rana Yarima ya karanto abubuwa bakwai da ya amince a tattauna a kansu: majalisa mai cikakken iko, gwamnati mai wakiltar ra'ayin jama'a, mazaɓu na adalci, batun ba wa baƙi takardar zama ɗan ƙasa, cin hanci, filayen gwamnati, da zaman ɗar-ɗar tsakanin mazhabobi. Kusan duk abin da aka fito nema ranar 14 ga Fabrairu yana ciki. Babu wani ɗan gidan Al Khalifa da ya taɓa miƙa tayi irin wannan. Amma ya zo a makare, kuma ba a amsa shi da sauri ba. Ana iya gardama a kan ko Yarima yana da ƙarfin cika shi, tunda ba shi ke riƙe da soja ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne washegari, 14 ga Maris, sojojin Saudiyya kusan dubu ɗaya suka ƙetaro gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 ƙarƙashin Garkuwar Jazira, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin Gulf, tare da 'yan sanda 500 daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Dalilin Saudiyya a fili yake. Lardinta na Gabas, inda man feturinta yake kuma inda 'yan Shi'arta suke, yana kallon Bahrain ta ƙetaren ruwa. Tana kuma riƙe da igiyar kuɗi, domin mafi yawan man da Bahrain ke sayarwa daga rijiyar Abu Safa yake fitowa, wadda kamfanin Saudiyya ke haƙowa ana raba amfanin. Amurka, mai sansanin rundunar ruwanta ta biyar a Juffair, ta aiko sakataren tsaronta Robert Gates kwana biyu kafin shigowar sojojin yana neman a yi gyara mai ma'ana. Da motocin sulke suka shigo, ba ta kira abin mamaya ba. Iran ta yi Allah wadai, tashoshin Al-Alam ta Iran da Al-Manar ta Hizbullah suka ɗauki lamarin kamar nasu, Hassan Nasrallah ya yi jawabin goyon baya, Sheikh Yusuf al-Qaradawi kuma, wanda ya mara wa boren Masar da Libiya baya, ya ce na Bahrain rikicin mazhaba ne. Kowane ɗayan waɗannan ya ƙara wa fassarar mazhaba nauyi. Goyon bayan Tehran bai kare ko mutum ɗaya a Sitra ba, illa ya zama shaida a hannun mai gabatar da ƙara.

Murƙushewa

Ranar 15 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Ranar 16 aka share shataletalen, sojoji suka karɓe asibitin Salmaniya. Ranar 17 da asuba aka kama jagororin adawa, har da Ibrahim Sharif. Ranar 18 aka rushe ginshiƙan lu'ulu'un, aka janye kwabon fils 500 mai hotonsu daga hannun jama'a, aka sauya wa wurin suna zuwa Mahaɗar Al-Faruƙ.

Salon hukuncin ne ya tabbatar da rabuwar. Ba a tsaya kan waɗanda suka aikata laifi ba, aka bi al'umma guda. An kafa kwamitocin bincike a ma'aikatu da kamfanoni, ana nuna wa ma'aikaci hotonsa a wurin zanga-zanga a sallame shi. Shafukan Facebook suna liƙa hotunan fuskoki suna neman a faɗi sunayensu. Gidan talabijin na gwamnati yana kiran 'yan wasa da 'yan jarida a shirin kai tsaye yana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, har 'yan ƙwallon ƙafa na ƙasa aka tsare. Kotunan soja suka yanke wa jagorori takwas ɗaurin rai-da-rai a watan Yuni, suka yanke wa ma'aikatan lafiya 20 ɗaurin shekara 5 zuwa 15 a Satumba. Karim Fakhrawi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar Al-Wasat mai zaman kanta, ya mutu a tsare a watan Afrilu. Shari'ar ma'aikatan lafiya ta haifar da wata illa da ba a cika ambata ba: wanda aka harba da harsashin tsuntsaye ya daina zuwa asibiti, domin raunin da kansa shaida ne, sai a yi ta cire ƙwayoyin dalma a cikin gidaje.

Taron tattaunawar ƙasa da aka buɗe ranar 2 ga Yuli ya tara mutum kusan 300, aka ba Al-Wefaq kujera biyar. Jam'iyyar da ta ci kujera 18 cikin 40 ta koma murya ɗaya a tsakanin ƙungiyoyin sana'a da na jin daɗin jama'a. Ta fice bayan mako biyu.

Abin da kwamitin Bassiouni ya gano

A ƙarshen Yuni sarki ya kafa kwamitin bincike na masana shari'a biyar daga waje, ƙarƙashin Farfesa Cherif Bassiouni ɗan asalin Masar. Ranar 23 ga Nuwamba ya karanta sakamakon a gaban sarki, ana nunawa a talabijin. Ba a saba ganin irin wannan a ƙasashen Larabawa ba, kuma ya kamata a faɗi hakan.

Rahoton ya ƙirga mutum 35 da suka mutu tsakanin 14 ga Fabrairu da 15 ga Afrilu: fararen hula 13 a hannun jami'an tsaro, biyar ta hanyar azabtarwa a tsare, takwas da ba a tantance wanda ya kashe su ba, 'yan ci-rani huɗu, da jami'an tsaro biyar. An kama mutum 2,929 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, aka saki 2,178 ba tare da tuhuma ba. An sallami ko dakatar da ma'aikata sama da 2,000 na gwamnati da sama da 2,400 na kamfanoni. Ya tabbatar da cewa duka, da jona lantarki, da hana barci, da zagin mazhabar wanda ake tsare da shi sun zama al'ada a wuraren tsarewa, saboda jami'ai sun san babu mai tambayarsu. A kan wuraren ibada 30 na 'yan Shi'a da aka rushe, ya gano biyar ne kawai suke da cikakkun takardu, amma ya ce lokacin da aka zaɓa ya sa dole a ɗauki abin a matsayin hukuncin gayya.

Rahoton bai bar kowa da labarinsa cikakke ba. Ya ce hujjojin da aka gabatar masa ba su nuna hannun Iran a abubuwan da suka faru a Fabrairu da Maris ba, wanda ya rushe babban zargin gwamnati. Ya ce bai sami shaidar cewa dakarun Garkuwar Jazira sun ci zarafin kowa ba, wanda ya saɓa wa abin da 'yan adawa suke yaɗawa. Ya tabbatar da hare-haren da aka kai wa 'yan Sunni da 'yan ci-rani. Ya kuma ce da an karɓi tayin Yarima, da ya iya buɗe hanyar gyara mai girma. Rauninsa shi ne bai hau sama ya ambaci wanda ya ba da umarni ba, sai hukuncin da ya biyo baya ya tsaya kan ƙananan jami'ai.

Shawarwari 26 ya bayar. An kafa ofishin karɓar koke a ma'aikatar cikin gida da sashen bincike na musamman, an mayar da yawancin ma'aikata bakin aiki, an ɗauko tsofaffin manyan 'yan sanda biyu, John Timoney daga Amurka da John Yates daga Ingila, su ba da shawara. Gwamnati ta ce ta aiwatar da kusan komai. Wata ƙungiyar sa ido da ke Washington ta ƙirga uku kacal da aka cika bayan shekara guda. Biyu daga cikin muhimman gyare-gyaren ma an warware su a 2017, lokacin da aka mayar wa hukumar leƙen asiri ikon kama mutane, aka kuma gyara kundi don kotun soja ta iya yi wa farar hula shari'a.

Bayan nan

Zanga-zangar ta koma ƙauyuka, ta zama ta dare: taya mai ci da wuta a wannan gefe, barkonon tsohuwa a wancan. Daga 2012 aka fara ganin bama-bamai ƙirar gida. A Maris ɗin 2014 wani bam ya kashe 'yan sanda uku a Daih, ciki har da jami'i ɗan Daular Larabawa, kuma a Janairun 2017 aka zartar wa mutum uku hukuncin kisa a kansa. Ƙungiyoyi masu makami irin su Saraya al-Ashtar, wadda Amurka ta sa a jerin 'yan ta'adda a 2018 bisa alaƙa da Iran, sun bayyana ne bayan murƙushewar. Hannun Iran da Bassiouni bai gani ba a 2011 ya samu ƙofar shiga daga baya.

Al-Wefaq ta ƙaurace wa zaɓen 2014. A Disambar shekarar aka kama Ali Salman, a 2018 aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai bisa zargin yi wa Ƙatar leƙen asiri, zargin da ya ta'allaƙa da wayoyin da aka yi lokacin da Ƙatar ta yi ƙoƙarin shiga tsakani a 2011. A 2016 aka ƙwace wa Sheikh Isa Qassim, babban malamin Shi'a na ƙasar, takardar zama ɗan ƙasa, kotu ta rushe Al-Wefaq. A 2017 aka rushe Wa'ad, aka rufe Al-Wasat, aka kashe mutum biyar wajen tarwatsa zaman dirshan a Diraz, ƙauyen Sheikh Isa Qassim. Dokar 2018 ta hana 'ya'yan rusassun jam'iyyu tsayawa takara. Taron Al-Fatih ma bai tsira da komai ba: da ya rikiɗe ya zama jam'iyya ya shiga zaɓen 2014, ko kujera ɗaya bai samu ba, buƙatunsa na gidaje da filaye da cin hanci suka bi ruwa tare da na abokan hamayyarsa.

Khalifa bin Salman ya rasu a kan kujerarsa a Nuwambar 2020, Yarima Salman ya gaje shi a matsayin firayim minista. A Afrilun 2024 sarki ya yi wa fursunoni 1,584 afuwa, mafi girma tun bayan boren, ɗaruruwa daga cikinsu masu laifin siyasa. Hassan Mushaima da Ali Salman, da Abduljalil al-Singace da Abdulhadi al-Khawaja waɗanda aka yanke wa ɗaurin rai-da-rai a 2011, ba sa cikin jerin.